Baba Sallau, Telan Kakin Unguwarmu

In an sallame sallar asuba Baba Sallau ba ya komawa gida. Daga masallaci sai ya miƙe shagonsa da ke bakin hanyar kasuwa, ya cire kwado, ya share ƙofarsa har da ta Ango mai shayi da ke jikin shagon, sannan ya yaye tsohon zanen da yake lulluɓe keken ɗinkinsa. Ya ɗiga masa mai, ya taka shi wayam ya saurara. In sautin bai yi masa ba, to shayin Ango sai dai ya huce a kan benci, don ba zai kurɓa ba sai ya gano abin da ke damun keken. A lokacin manyan motocin da ke layin duwan, wato kwastan, ba su ma tada inji ba, 'yan kabu-kabu kuwa suna ta hamma a kan baburansu. Haka na taso na same shi, haka kuma yake har damanar bana da idanunsa suka ce sun gaji.

Ni Rakiya ce, mai rumfar yadi a kasuwar Malanville, rumfar da na gada wurin mahaifina. Ina cikin waɗanda suka kafa Ƙungiyar Maƙwabta ta unguwarmu, shekara ashirin da 'yan kai ke nan. Ba mu da ofis, ba mu da mota, zauren Mushe Souleymane muke taro, tsohon malamin makarantar da muka ɗora wa shugabanci don ya fi kowa haƙurin surutunmu. Mushe kuwa, a nan haka ake kiran malamin boko. Aikinmu yana bin shekarar karatu ne. Gero na fara fitar da kai sai mu bazu cikin kasuwa, mai yadi ya ba da yadi, mai shinkafa ya ba da shinkafa, mai kanti ya ba da littattafan rubutu da biro. Mu mata mu shiga gidaje, mu yi gaisuwa, mu sha ruwa, mu buɗe ido mu gano yaron da za a bari a gida bana. In an koma makaranta kuma akwai tukunyar shinkafa da wake da muke ɗorawa don yaran da gidansu ke da nisa, har zuwa hutun ƙarshe. Amma duk wannan ba ya amfani in babu kaki, don a nan yaro ba ya zama ajin gwamnati da kayan gida. Kakin nan kuwa mutum ɗaya ne ya ɗinka shi tun ranar farko, kuma bai taɓa karɓar ladan ɗinki ba.

Daga Gaya ta tsallaken kogi ya zo. Tsofaffin kasuwa sun ce yana saurayi ya tsallako gada da kan keke a ka, ƙafafun keken a kafaɗa, ya ce zai ga kasuwa ɗaya ya koma. Har yau yana ganin kasuwar. Ya yi aure a nan, ya koyi Dandanci, yaren garin, har yana zagi da shi, amma in ransa ya ɓaci Hausarsa ta gida ce ke fitowa.

Watan komawa makaranta na kamawa sai ya rufe ƙofa ga kowane irin ɗinki. Na ga attajirin da ya kawo shaddar biki ya yi ta roƙo, Baba ya nuna masa shagon wani tela a gaba, ya koma kan kakinsa. Yakan hau bayan ɗan kabu-kabu da igiyar awo a wuya ya tafi Toumboutou, ya wuce ƙauyukan Guéné, ya auno yaran da matan ƙungiya suka gaya masa, ya dawo da laka har gwiwa.

Ni da shi faɗanmu ɗaya ne, kuma kowace shekara sai mun yi shi. In na yanka masa yadin yaro sai ya ce bai isa ba.

"Baba, ɗan aji ɗaya ne fa, ba jandarma ba."

"Ɗiyata, yaro ba shi tsayawa jiran ki. Ƙara min taƙi."

Sai in ƙara ina gunaguni. Wannan ƙarin yake naɗewa cikin kalmasa, ya ɓoye shi ta ciki yadda ba wanda zai gani. Baɗi in yaro ya yi tsawo uwarsa ta warware zare ɗaya, riga ta sauko. Akwai kakin Baba Sallau da yara uku suka sa a jere cikin gida ɗaya. Na sha cewa zai karya mini rumfa, ga shi rumfar tana nan.

Abin da ya fi burge ni shi ne igiyar shagonsa. Kakin da uba ya biya kuɗinsa da kakin ƙungiya, igiya ɗaya yake rataye su, maɓalli iri ɗaya, aljihu iri ɗaya. Wata shekara wani cikinmu ya kawo shawara a riƙa ɗinka alamar ƙungiya a bakin aljihu, don jama'a su san ana aiki. Shawarar ta shiga kunnen mutane da yawa, har da ni. Baba ya ɗauke ƙafarsa daga kan keke ya ce, "In kun yi haka ku nemi wani tela. Ba ni ɗinka ma yaro abin da abokinai za shi nuna da yatsa." Maganar alama ta mutu a nan. Kai ne ka fara koya mana, Baba, cewa ciyar da mutum daban, rufa masa asiri daban, kuma na biyun ya fi wuya.

Amma abin da ya sa na ɗauki biro yau shi ne labarin 'ya'yan Khalidu. Khalidu da kansa ya ce in rubuta shi, da sunansa, kada in rage komai.

Khalidu mai awon hatsi ne a kasuwa, mutum mai faɗin hannu, yana cikin masu ba ƙungiya buhu kowace shekara ba tare da an je masa sau biyu ba. Shekarar da kogi ya yi babbar ambaliya, ruwa ya shiga ɗakin ajiyarsa na bakin gaɓa. Gero ya tsiro cikin buhuna, shinkafa ta yi tsami, abin da ya tara duk ya tafi. Ya koma awo da ɗan abin da ya rage a rumfa, yana sa babbar riga kamar kullum, yana gaisawa da kowa kamar ba abin da ya faru. 'Ya'yansa uku suna makaranta. Babbar, Zulfa, za ta shiga ajin ƙarshe, shekarar jarrabawar satifika. Kakinsu da littattafansu duk ruwa ya lalata.

Mushe Souleymane mutumin kirki ne, kuma kirkin ne ya sa shi gaggawa. Ya haɗa ƙunshi ya ɗaure a bayan babur, ya nufi gidan Khalidu da hantsi. Bai yi tunanin cewa zauren cike yake da 'yan kasuwa masu zuwa jaje ba. Ya yi sallama, ya ajiye ƙunshin a gaban kowa, ya fara bayanin ƙungiya. Shi da bakinsa ya ba mu labarin, yana riƙe da kai. Ya ce Khalidu ya dubi ƙunshin, ya dube shi, ya ce, "Mushe, ka ɓata hanya. Gidanga ba a kawo mai, shi ka kaiwa. Ɗiyana na nan gida har in sai masu kaki da hannuna." Ya sa aka mayar masa da kayan a kan babur, ya raka shi har ƙofa da girmamawa.

Aka koma makaranta, 'ya'yan Khalidu suna gida. Matarsa Habsatou ta zo rumfata, ta zauna a kan dilar yadi. Ta ce, "Yaya Rakiya, Zulfa ba ta cin abinci. In ta ji ɗiyan makwabta sun wuce da sahe sai ta shige ɗaki. Shi kuma ya ce in na sake yi mai maganar ƙungiya ban san shi ba." Dukanmu mun san abin da ke tafe. In aka rubuta sunayen masu jarrabawa babu Zulfa, ta rasa shekarar. Yarinyar da ta rasa shekara a garin nan faranti ake ɗora mata ta shiga kasuwa, kuma wadda ta ɗanɗani kuɗin kasuwar Malanville da wuya ta sake zama a benci. Na ga haka ya faru da 'yan mata masu kai fiye da nawa.

Muka yi taro, kowa ya kawo tasa. Wani ya ce a tura liman, wani ya ce a kai kayan ta bayan gida a ba Habsatou. Baba Sallau yana gefe yana cire zare daga rigarsa. Da muka gaji ya ce, "In kunka tura liman za shi amsa don kunya, amma ba shi sake ɗaga kai cikin kasuwa. In kunka bi ta bayan gida kun haɗa shi da matatai. Ku bar min Khalidu."

Washegari ya zo rumfata ya ce in yanka masa kakin yara uku, ya zaro kuɗi daga aljihunsa. Na ce ai ga na ƙungiya nan a ajiye. Ya ce, "A'a ɗiyata. Abin da za ni ce mai, in da yadin ƙungiya na, ƙarya niy yi." Ban gane ba, na dai yanka, har da ƙarin taƙinsa ba tare da mun yi faɗa ba. Awo kuwa bai buƙata, shi ke yi wa yaran ɗinki tun suna goye.

Ranar Asabar, kasuwa ta cika, ya tafi layin masu hatsi ya tsaya gaban Khalidu ya ce a auna masa gero tiya ɗaya. Khalidu ya auna, ya tsoma hannu ya ƙara masa gyara kamar yadda ya saba, ko da yake buhun nasa ya kusa ganin ƙasa. Baba ya ƙulle geronsa, sai ya cafke hannun rigar Khalidu ya ɗaga murya.

"Wa yaɗ ɗinka rigag ga?"

"Kai na, Baba."

"To kana yawo da ita hammata a yage, mutane su ce Sallau bai iya ɗinki ba? Ka kawo min ita gobe. In ba ka kawo ba in zo in tuɓe ma ita nan gaban kowa."

Masu awo suka kwashe da dariya, Khalidu ma ya yi, dariyar da aka daɗe ba a ji daga bakinsa ba.

Ina shagon lokacin da ya kawo rigar, na kai wa Baba maɓallai. Ango yana nan, da dattawa biyu masu zaman benci. Baba ya yi facin yana mita, ya gama, ya faɗi kuɗinsa. Khalidu ya nemi ragi, Baba bai rage masa ko dala ba. Na lura fuskar Khalidu ta saki, don tun ambaliya kowa tausaya masa yake, yau ga wanda ya caje shi kamar mai shi. Ya biya. Baba ya ninke rigar, ya sunkuya ƙarƙashin tebur ya ɗauko kaki uku, riga da wando biyu da doguwar rigar 'yan mata, ya ɗora a kai ya ce, "Ga gyara."

Wanda ba ɗan kasuwa ba zai ce wasa ne. A wurinmu gyara tana da dokarta. Mai sayarwa ne ke da hannu, shi ya san abin da zai ƙara. Ba a auna ta, ba a roƙon afuwa a kanta, ba a ma yi mata godiya, don ba kyauta ba ce, shaidar ciniki ce. Kuma ba a mayar da ita. Wanda ya ture gyara ya ce ke nan ciniki ya ƙare tsakaninsa da kai, har da gaisuwa. Khalidu ya fi kowa sanin haka, shi da hannunsa ke zuba ta tun safe har yamma.

Ya tsaya yana kallon kakin. Ya ce, "Baba, ina anka taɓa ganin gyara ta hi saye?"

Baba ko kai bai ɗaga ba, yana ta neman bakin zare. "Jiya da kaz zuba min taka, na auna ta? Na ce ta yi yawa? Rumhwakka kai ad da hannu, shagona ni ad da hannu. In maida ta za ka yi, maida. Sai in maido ma taka, kowa shi kama gabanai."

Ango ya tsaya da butar shayi a sama. Dattawan benci suka sami abin kallo a kan titi. Ni kuwa na san in ya fita hannu wofi ba wanda zai sake iya tunkararsa. Can ya tattara rigar da kakin gaba ɗaya ya sa a hammata ya ce, "Allah shi bar ciniki." Ya fita. Bai yi godiya ba, kuma daidai ya yi.

Da yamma Habsatou ta zo ta sayi ɗankwali a rumfata. Ni ma ai na ga yadda ake yi. Na ninke mata ɗankwalin, na ɗora littattafan rubutu, waɗanda muke ce wa kaye, da biro na ce ga gyara. Ta ce, "Yaushe mai yadi tak koma saida kaye?" Muka yi ta dariya har hawaye suka zo mata, ta share da sabon ɗankwalin.

Litinin da safe Zulfa ta wuce ta gaban shagon da ƙannenta biyu a baya. Ango ya rantse Baba bai ɗaga kai ba, amma ya ce keken ya yi shiru har suka sha kwana. An rubuta sunanta cikin masu jarrabawa, ta ci, ta wuce. Yanzu tana Parakou tana karatun ungozoma, in ta zo hutu sai ta fara tsayawa shagon Baba kafin ta isa gida.

Tun daga shekarar ƙungiyarmu ta sami hanya ta biyu. Akwai gidajen da za ka kai musu kaya su sa albarka, muna kai musu. Akwai kuma gidajen da suka saba bayarwa, duniya ta juya musu, waɗanda za su gwammace yunwa da a gan su suna karɓa. Waɗannan ba ma aika musu kowa. Muna jira su zo ciniki, ko mu ƙirƙiro cinikin, kuma wanda zai ce gyara daga aljihunsa yake fitarwa, kamar yadda ka yi. Kai ne ka buɗe wannan ƙofar, Baba, tela uban 'yan lakkwal, wato makarantar boko, kuma yaran da suka bi ta cikinta ba su san ma akwai ta ba.

Bana yanar ido ta rufe masa gani. Ya ɗinka aljihu a juye, ya gane da yatsunsa, ya warware, ya sake, ya sake juyawa. Sai ya lulluɓe keken da tsakar rana, abin da bai taɓa yi ba, ya aika a kira Ramatou, telar da ya koya wa aiki shekarun baya. Ita ta ɗinka kakin bana, shi yana zaune gefenta yana shafa kalmasa yana cewa ta ƙara. Na ji baƙin ciki ranar nan, ba zan ɓoye ba.

Tela in ya bar keke ya bar abinci. Baba bai tara komai ba, watan da teloli ke samu shi ya ba yara kyauta shekara da shekaru. Matarsa Inna Husaina ta raɗa mini cewa tukunya ta fara yin sauƙi. Mushe Souleymane ya ɗan taɓo masa zancen cewa ƙungiya za ta riƙa kawo masa hatsi. Baba ya buga sandarsa a ƙasa. "Abin ɗiyan lakkwal na. Ni wane aji nike?" Mutumin da ya san maganin girman kan kowa, ashe nasa ya fi na kowa tauri.

Asabar ɗin da ta wuce ya dogara sanda ya tafi layin masu hatsi sayen tiyarsa. Khalidu ya farfaɗo tuni, rumfarsa ta koma biyu. Ya auna masa gero tiya ɗaya, ya karɓi kuɗinsa cif. Sannan ya ɗaga hannu ya kira mai amalanke, aka ɗora buhun gero, aka ɗora na shinkafa a kai.

"Ga gyara, Baba."

Baba ya kai sanda ya taɓa buhunan, ya ji girmansu. Ya buɗe baki, "Khalidu, ina anka taɓa ganin..." sai ya ji abin da yake shirin faɗi, ya haɗiye sauran.

Khalidu ya ce, "Shagonka nig gani."

Layin masu hatsi kaf ya ɗauki sowa. Baba ya ce, "Ja'iri." Ya bi bayan amalanke yana mita har gida. Ban ji nauyin rubuta wannan ba, don a tsakiyar kasuwa aka yi shi, kuma gyara ba a ɓoye ta, ba abin kunya ba ce.

Mun gode, Baba Sallau. Mun gode da idanun da ka ƙarar a kan kakin 'ya'yan mutane, da iyayen da ka bari suna tafiya da kansu a sama. Allah ya haskaka maka ganinka, ya saka maka da abin da ba mu iya sakawa. Ku kuma masu karatu, kowa ya san wani gida a unguwarsa da aka bar yaro bana, kuma ya san dalili. Kada ka ɗaura ƙunshi a bayan babur ka je ka yi sallama a zaure. Zauna ka yi tunanin yadda za ka ba shi ya karɓa yana ɗan kasuwa kamarka.

Kai kuwa Baba, ka shirya. Mai albasa ya ce yana jiran ka, mai kifi ma haka, Ango ya ce kofin shayinka na gobe da abin da zai biyo shi. Ni ma ina rumfata. Ko allura ka zo saye, ka taho da mai amalanke.